Sanya birkin faifai a tsohon fok mai shokozoba: zai yiwu ko kuwa haɗari ne?

Ɗan Runjin Sambo ya rubuta:

Assalamu alaikum, iyayenmu da 'yan'uwa masana harkar keke. Ina da wani keken hawan tsauni ɗan gwanjo da na saya shekara uku da suka wuce, mai taya inci 26, kuma waɗanda suka duba shi sun ce ƙirar tsakiyar shekarun 1990 ne. Fok ɗinsa na gaba, wato ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke riƙe tayar gaba, mai shokozoba ne, birkinsa kuma irin wanda robobi biyu ke matse gefen rim ne, wanda ake kira V. Da shi nake zuwa wurin aiki kullum daga Runjin Sambo zuwa wajen Dundaye, a ƙarshen mako kuma nakan bi hanyoyin gonakin fadamar Rima don motsa jiki. A rani ba ni da ƙorafi a kansa, amma da zarar damina ta kankama, laka ta shafe rim, sai in damƙe birki iya ƙarfina keken yana ci gaba da tafiya. A watan Agustan bara saura ƙiris in afka wa amalanken shanu a wata gangara, kuma tun daga ranar nake tunanin komawa birkin faifai, wato wanda ke matse wani faifan ƙarfe a tsakiyar taya maimakon rim, ko da a gaba kawai.

Matsalar ita ce ƙafar fok ɗin nan sumul take, babu wurin ɗaura mamatsin birki, wato abin da makanikai ke kira kalifa. Wani mai sayar da kayan keke ya nuna mini wani ƙarfe da ake ɗaurawa a jikin ƙafar da kusoshi, ya ce yana zama daram. Wani mai walda kuma ya ce in kawo ya like mini kunne biyu a wurin, aikin minti ashirin ne. Ban da haka, akwai wani tsohon fok na biyu da na samu daga wani keken da ya karye, shi kuma yana da kunnuwa biyu masu huda a bayan ƙafar hagu, sai dai ban sani ba ko zai shiga kekena. Ina roƙon a ba ni shawara a kan waɗannan hanyoyi uku kafin in kashe kuɗina, domin keken nan shi ne ƙafata. Allah ya saka da alheri.

Baba Mai Gyara, Ƙofar Kware, ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Na gode wa Allah da ya kiyaye ka ranar amalanken nan, kuma na ji daɗi da ka tambaya kafin ka miƙa keken ga mai walda. Na shafe fiye da shekara talatin ina gyaran keke, tun zamanin Raleigh da Phoenix masu birkin sanda, kuma amsata a kan hanyoyi biyun farko a taƙaice take: kada ka yi ko ɗaya.

Bari in fara da walda. Ƙafafun ƙasa na yawancin fok masu shokozoba masu inganci na wancan zamani ba baƙin ƙarfe ba ne, zubin maganiziyam ne, wasu kuma alminiyam. Maganiziyam ba ya karɓar waldar lantarki ta bakin titi, kuma idan ya ɗauki zafi sosai yana iya kamawa da farar wuta mai ƙarfi wadda ruwa ba ya kashewa. Alminiyam kuwa yana buƙatar wata walda ta daban, sannan zafin waldar yana raunana ƙarfen da ke kewaye da wurin, sai an sake gasa shi bisa ƙa'ida kafin ƙarfinsa ya dawo. Ka ɗauki maganaɗisu ka manna a ƙafar. Idan bai kama ba, ka san ba ƙarfen da mai waldarka ya saba da shi ba ne. Ko da ya kama, wato fok ɗin na baƙin ƙarfe ne irin masu araha, bangon bututun siriri ne, kuma a cikinsa akwai robobi da giris da zoben roba waɗanda zafi zai narkar. Ban da wannan duka, kunnuwan dole su daidaita da faifan daidai wa daida, domin karkata ta rabin milimita ta isa ta sa birki ya riƙa gogawa yana kuka, kuma babu mai iya auna wannan da ido yana riƙe da sandar walda.

Ƙarfen ɗaurawa da aka nuna maka shi ma ban yarda da shi a gaba ba. Dalili shi ne birkin da kake da shi yanzu yana kama rim a can sama, kusa da bakan da ya haɗa ƙafafun biyu, kuma nauyin tsayawa yana rabuwa a kansu daidai. Birkin faifai kuwa yana tara dukkan ƙarfin a ƙasan ƙafa ɗaya tal, ta hagu, yana murɗa ta. Kamfanin da ya ƙera fok don birkin faifai yana ƙara kaurin wannan ƙafa tun daga zubi. Wanda bai yi niyyar haka ba bai ƙara komai ba. Idan ka matse ƙarfen ɗaurawar da ƙarfi don kada ya zame, za ka lotsa ƙafar har shokozoba ta daina motsi yadda ya kamata, idan kuma ka sassauta, ranar da ka taka birki da gaske zai juya ya shiga cikin sifoka. An taɓa kawo mini keken wani yaro ɗan makaranta da irin wannan ta faru da shi, sifoka bakwai sun tsinke, shi kuma ya bar haƙori biyu a kan kwalta. Birkin baya idan ya ci amana keke yakan ja ne ya tsaya, amma na gaba idan ya sarƙe, ta saman kan keke mutum yake wucewa.

Fok ɗinka na biyu shi ne abin dubawa. Ka auna tsakanin hudojin nan biyu, daga tsakiya zuwa tsakiya, ka kuma faɗa mana ko akwai zare a cikinsu.

Malamin Fasaha, Arkilla, ya amsa:

Assalamu alaikum. Baba ya riga ya faɗi abin da ya fi muhimmanci, kuma ina tare da shi ɗari bisa ɗari. Ni zan ƙara bayani ne a kan awon da ya nema, da kuma wani haɗari da mutane da yawa ba su lura da shi.

Malam, hanyoyin ɗaura kalifa da za ka tarar a kekunan hawan tsauni iri biyu ne manya. Na farko shi ne wanda ake kira IS: kunnuwa biyu masu huda marar zare, tazararsu milimita 51, kusoshi kuma suna shiga ta gefe, wato ta fuskar da sandar taya take. Na biyu shi ne mai ginshiƙi, wanda ake kira PM: ginshiƙai biyu masu zare a ciki, tazararsu milimita 74, kusoshi suna shiga ta baya kai tsaye. Yadda ka kwatanta naka, kunnuwa masu huda, ya yi kama da na farko. Kusan duk kalifar keken hawan tsauni da ake sayarwa yau ta PM ce, saboda haka za ka buƙaci adafta da ke haɗa su, kuma adafta tana da girma bisa faɗin faifai da kuma gaba ko baya. Wadda aka rubuta wa gaba 160 ita kake nema. Kada ka karɓi ta baya mai lamba 160 ka ɗaura a gaba, domin za ta ɗaga kalifar ta yi nisa da faifan, robobin su kama gefensa kaɗai. Idan awon bai ba ka 51 ko 74 ba, to fok ɗin ya fito ne a lokacin da kowane kamfani ke bin tsarinsa, kafin a daidaita, kuma neman adaftarsa a Sakkwato ko Kano wahala ce kawai.

Faifai yana zuwa da faɗin milimita 140, 160, 180 ko 203. A tsohon fok mai siraran bututun sama, irin masu milimita 28 kamar RockShox Judy na wancan lokaci, ka tsaya a 160. Babban faifai yana ba da ƙarfin murɗa mai yawa da ɗan matsi kaɗan, kuma doguwar adaftarsa tana ƙara wa kunnuwan wahala. Ko Marzocchi Bomber Z1, wanda ya yi suna da ƙarfi a ƙarshen shekarun 1990, bututunsa milimita 30 ne kawai, alhali fok na yau suna kai 32 zuwa 38. A hanyoyinmu na nan, inda gangara ba ta da tsawo, 160 ya ishe ka har ya yi saura.

Yanzu haɗarin da na ambata. Kalifa tana zaune a bayan ƙafar hagu, kuma a daidai wurin faifan sama yake tafiya yayin da keke ke gudu. Idan kalifa ta damƙe shi, tana danna tayar ƙasa ne, wato ta fuskar da bakin fok yake buɗe. Daga tsakiyar taya mai inci 26 zuwa ƙasa kimanin milimita 330 ne, daga tsakiya zuwa inda robobi ke kama faifan 160 kuwa bai kai 80 ba, don haka ƙarfin da ke aiki a wurin ya ninka wanda ke tsakanin taya da ƙasa kamar sau huɗu. Abin da ke hana tayar fita shi ne matsin sandar nan mai hannu da ake buɗewa ba tare da sifana ba, da kuma 'yan leɓɓan da ke bakin fok. Masu gyara da yawa suna goge waɗannan leɓɓa da zarto don taya ta riƙa fita da sauƙi. Ka duba naka da kyau. Idan an goge su, fok ɗin bai dace da birkin faifai ba, ko da kunnuwansa lafiya lau suke.

Hannun sandar ma yana da nasa sharaɗi. A shekarar 2015 kamfanin Trek ya yi kiranyen kekuna kusan miliyan ɗaya a Amurka da Kanada, saboda hannun sandar gaba yana iya buɗewa fiye da kima ya faɗa cikin faifai ya tsayar da taya nan take. Ka buɗe naka har ƙarshe ka gani ko yana taɓa faifan. Idan yana taɓawa, ka sauya shi. Rufe shi kuma ya zama da ƙarfin da zai bar shaida a tafin hannunka, kuma ka riƙa duba shi kowace safiya a makonnin farko.

Mahayin Hanyar Wurno ya amsa:

Salamu alaikum. Ina neman afuwar Baba da Malam, ba musu nake yi ba, amma ina ganin akwai tambayar da ya kamata ɗan'uwanmu ya yi wa kansa tun farko, wato ko birkin da yake da shi ya taɓa samun gyaran da ya dace. Birkin V, wanda Shimano ta fito da shi a 1996, birki ne mai ƙarfi ƙwarai idan an kula da shi. Abin da na lura da shi a nan garin shi ne zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke haura 40, yana busar da robar birki ta zama kamar dutse, ƙurar hunturu kuma tana shiga rigar waya ta cinye rabin ƙarfin hannunka kafin ya isa ga rim. Ni da na sauya robobi da masu laushi, na sa sabuwar waya da sabuwar riga, na goge gefen rim da sanfefa mai laushi, sai na ji kamar sabon keke nake hawa. A cikin laka, gaskiya ne, faifai ya fi, domin yana can tsakiya nesa da ƙasa, kuma ba zan ɓoye wannan ba. Amma damina a Sakkwato wata uku zuwa huɗu ce, saura kuwa ƙura ce.

Sannan a lissafa kuɗin duka, ba na kalifa kaɗai ba. Hob ɗin tayarka ta yanzu, wato cibiyarta da sifoka ke fitowa daga ciki, ba shi da wurin ɗaura faifai, saboda haka ko dai ka sayi wata taya, ko a sake saƙa rim ɗinka a kan sabon hob da sababbin sifoka, tunda tsawonsu zai bambanta. Idan ka haɗa wannan da adafta da faifai da kalifa da ladan aiki, ka kwatanta da farashin keken gwanjo da ya zo da birkin faifai tun asali, wataƙila ka ga tazarar ba ta da yawa.

Ɗan Runjin Sambo ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Baba, na bi umarninka: maganaɗisu bai kama ƙafar fok ɗina na yanzu ba, don haka zancen walda da ƙarfen ɗaurawa na ajiye su. Fok na biyu kuma na auna, milimita 51 ne, babu zare, kuma leɓɓan da Malam ya ce in duba suna nan ba a taɓa su ba. Ɗan'uwa na hanyar Wurno, na ji shawararka, kuma zan gyara birkin baya yadda ka ce, amma a gaba na fi son faifai saboda fadamar da nake bi. Abin da ya rage mini shi ne yadda zan tabbatar fok ɗin zai shiga keken, da kuma zaɓi tsakanin birki mai waya da wanda ke aiki da mai. Na kuma lura idan na danna fok ɗin na biyu yana nutsewa amma ba ya dawowa da sauri.

Baba Mai Gyara, Ƙofar Kware, ya sake amsawa:

Madalla, ɗana. Abu uku za ka auna kafin ka kwance komai. Na farko kaurin bututun wuya, wanda ke shiga cikin firam: tsofaffin kekuna wasu inci 1 ne, wato milimita 25.4, wasu inci 1 da ɗaya bisa takwas, wato milimita 28.6, kuma mai kauri ba ya shiga gidan siriri. Ka duba kuma ko na yanzu mai zare ne a sama da babban noti, ko marar zare wanda wuyan kan keke ke damƙewa ta waje. Idan sun bambanta, sai ka sauya kwanon boris na wuya da shi wuyan kan gaba ɗaya. Na biyu tsawon wannan bututu, domin an riga an yanke shi daidai da keken da ya fito daga ciki. Idan ya gaza, har kusar sama ta wuyan kan ba ta samu abin kamawa ba, to magana ta ƙare, ba a yi masa ƙari. Na uku tsayin fok daga sandar taya zuwa kafaɗarsa. Kekunan tsakiyar shekarun 1990 an ƙera su ne don gajerun fok masu nutsewar milimita 50 zuwa 63 ko makamancin haka. Idan ka sa wanda ya fi naka tsawo da milimita 20, gaban keken zai ɗaga, kusurwar wuya ta sauya da kimanin digiri ɗaya, kuma wannan ana iya zama da shi. Idan bambancin ya kai ninki biyu na haka, tuƙi zai yi nauyi, kuma wuyan firam zai ɗauki wahalar da ba a yi shi dominta ba.

Rashin dawowar da ka gani kada ka raina shi. Fok da yawa na wancan zamani ba su da sifirin na ƙarfe ko iska, wasu dunƙulen robobi ne jere a ciki, kuma shekaru da zafi suna sa su ko dai su taurare ko su narke su zama kamar ƙaro. Ka buɗe murfin sama ka leƙa. Idan sifirin ne, wanki da sabon giris za su wadatar. Idan robobi ne da suka lalace, sai an nemo madadinsu ko sifirin da ya yi daidai. Bayan haka ka riƙe taya tsakanin gwiwoyinka ka murɗa kan keke, ka kuma jijjiga shi gaba da baya. Idan ka ji ƙwas-ƙwas a tsakanin bututun sama da ƙafafun ƙasa, zobban ciki sun ci, kuma birkin faifai zai ƙara tsananta abin. Ka wanke ƙafar hagu tas ka duba gindin kunnuwan da bakan da ke sama a cikin hasken rana, ka tuna daga keken da ya karye ka ciro shi. Tsaga ko da siririya ce kamar gashi, ko wurin da fenti ya kumbura farin gari na fitowa, ya isa ka haƙura da shi.

Game da zaɓi, ni mai waya nake ba ka shawara. Hannun birkinka na V yana jan waya da tsawon da kalifa mai waya ta keken tsauni take buƙata, irin su Avid BB7 ko na Tektro da Shimano, don haka ba sai ka sayi sabon hannu ba, kuma idan waya ta tsinke a Kware ko Wamakko kowane mai gyara zai sauya maka. Mai mai ya fi laushi a hannu da ƙarfi, amma yana da tarko. Shimano da Tektro da Magura suna amfani da man ma'adini nasu, Avid da Hope kuma suna amfani da man birki irin na mota mai alamar DOT. Wanda ya zuba man mota a cikin na farko ya kashe robobin ciki, kuma na ga an yi haka ba sau ɗaya ba, da kyakkyawar niyya.

Wajen saƙa taya, ka nemi hob mai faɗin milimita 100 mai hudar kusa shida, kuma yawan hudojin sifokansa ya yi daidai da na rim ɗinka, 32 ko 36. Ka gaya wa mai saƙar ya gitta kowace sifoka a kan uku, kada ya miƙe su kai tsaye daga hob zuwa rim, domin yanzu ta cikin sifoka ƙarfin birki zai bi. Kusoshin faifai ana ɗaure su da makulli mai bakin tauraro lamba T25, ɗaya bayan ɗaya ana tsallakawa, kuma kibiyar da ke jikin faifan ta fuskanci inda taya ke juyawa. Kusoshin kalifa ka bar su sako-sako, ka damƙe birki ta daidaita kanta a kan faifan, sannan ka ɗaure. Kada giris ko man sarƙa ko maiƙon hannu ya taɓa faifai ko robobinsa, idan ya taɓa faifan ka goge da sifirit.

Ranar farko ba zai kama sosai ba, kuma wannan ba lalacewa ba ce. Ka nemi shimfiɗaɗɗiyar hanya marar mota, ka ɗauki gudu matsakaici ka rage shi zuwa tafiyar ƙafa ba tare da ka tsaya cik ba, ka maimaita kamar sau ashirin, za ka ji ƙarfinsa yana ƙaruwa. Sai bayan haka za ka gangara fadama. Idan ka gama awo ukun nan, ka kawo fok ɗin da keken rumfata bayan la'asar in duba kunnuwan da idona kafin ka sayi hob.